Wadda Birai Suke Kallo

Ibadan, 9 ga Yuli

Ɗana Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da innarka Rabi da Iya. Yaya ƙafar taka da sanyin damina? Ni lafiya lau, sai karatu da ruwan garin nan da ba ya ɗaukewa. Bube direba ya ba ni wasiƙarka ranar da ya sauke shanun da ya ɗauko daga Kankia, a tsaye na karanta ta a bakin kara, kasuwar shanu.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe. Ka ce ka ji a rediyo cewa dofamin shi ne sinadarin jin daɗi a ƙwaƙwalwa, ka tambaya ko shi nake karantawa a nan. Shi ne. Amma maganar jin daɗin nan, kusan kowa haka yake ɗauka, ni ma haka na koya wa ɗalibaina a Kankia shekara shida, kuma rabin gaskiya ce. An yi gwaji da birai a ɗakin bincike. Idan aka ɗiga wa biri ruwan lemo a baki ba zato, ƙwayoyin da ke sakin dofamin sai su motsa da ƙarfi. Sai aka riƙa kunna fitila kafin lemon. Bayan kwanaki, motsin ya koma lokacin fitilar, lemon kuwa ya zo babu wani motsi, don an san da zuwansa. Ranar da aka kunna fitila aka hana lemon, ƙwayoyin suka yi ƙasa da yadda suke kullum. Ka ga aikinsa ya fi kusa da sa rai. Yana auna tazarar abin da ka zata da abin da ka samu, da haka ƙwaƙwalwa take koyon inda ya kamata ido ya juya.

Ga inda abin ya fi burge ni. A wani gwajin, birai sun yarda a rage musu lemo don a nuna musu hoton fuskar babba a cikinsu. Hoton na ƙasa kuwa, sai an ƙara musu lemo suke kallo. Kallon wani ɗan'uwa yana da daraja a wurinsu kamar abinci, kuma masu bincike suna ganin hanyoyin ƙwaƙwalwa da ke auna lemon suna da hannu a wannan.

Yanzu maganar gona. Na gane abin da Yaya Ummaru ya yanke: tunda gonar gindin dutse ta gandu ce ba a raba ba, kuma birai sun cinye gyaɗar bara, zai ba ɗansa Lawal ita bayan kaka, don a cewarsa wanda shan inna ya taɓa ba ya tsaron biri. Shekara ashirin marigayi mahaifinka yana noman gonar nan. Ban yarda ba, kuma na ji daɗi da ka ce masa a bar maka damina ɗaya.

Gaskiya ne ba za ka iya bin birai talatin da gudu ba. Amma kana da abin da Lawal ba shi da shi: kana iya zama wuri ɗaya. Ka yi rumfa a inda kake hango hanyarsu. Ka sami littafi. Duk lokacin da wani biri ya ɗaga kai ya dubi wani, ka ja layi a gaban wanda aka duba. Kada ka yi tsammanin komai, ka ƙirga kawai. Biran gwaji wani iri ne daban da jan birin Dudunni, kuma ba wanda ya taɓa leƙa kan na Dudunni, don haka ban yi maka alkawari ba. Amma ina so in sani, kai ma na san kana so.

Ka ci gaba da rubutowa ta hannun Bube. Wayar gida tana aljihun Yaya Ummaru, ba na son maganarmu ta bi ta nan.

Gwaggonka,
Hawwa'u

Dudunni, 30 ga Yuli

Gwaggo,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Inna ta yi zazzaɓi kwana biyu, ta warke. Kaka Iyatu tana gaishe ki, ta ce ki daina karatu ki dawo tun tana gane fuskarki. Ƙafa da sauƙi, sai in na daɗe a zaune.

Na yi rumfa a gindin kukar nan ta gabas. Gyaɗa ta rufe kunya, ta fara fure. Na kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigar Baba, kwana uku suka ji tsoronsa, a na huɗu na tarar da ƙaramin biri zaune a kafaɗarsa yana sosa ciki. Na tuna fitilarki. Sun zaci wani abu zai biyo bayan rigar, bai biyo ba, suka daina kulawa.

Ƙirgan yana da wuya fiye da yadda kika faɗa. Makon farko duk iri ɗaya nake ganinsu. Yanzu na rarrabe tara. Akwai ƙaton namijin da ke hawa kan suri yana hange, na sa masa Sarkin Suri. Akwai wata tsohuwar birinya mai tsagaggen kunnen hagu, na sa mata Tsaga. Akwai Mai Goyo, da Gajere, da sauransu. Suna saukowa daga dutse da hantsi, sai kuma bayan la'asar.

Jiya Baffa Ummaru ya biyo ta gonar, ya same ni da littafi a cinya. Ya tsaya ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wanga mi kake yi? Rajista kake kira musu?"

Na ce, "Ƙirga nake, Baffa."

Ya ce, "To in ka gama, ka ba su hutun rabin zango." Lawal yana bayansa da bindigar toka a kafaɗa, har da riƙe ciki don dariya. Da yamma labari ya kai dandali, yanzu Malamin Birai ake kirana. Na amsa sunan. Ko a masallaci aka kira ni da shi ina juyawa.

Ba zan faɗa miki abin da layukan suke nunawa ba tukuna, don ni ma ban yarda da su ba. Sai na ƙara mako biyu.

Ɗanki,
Abdulbaƙi

Ibadan, 12 ga Agusta

Ɗana Malamin Birai,

Gaisuwa mai yawa. Allah ya ƙara wa Rabi lafiya. Ka ce wa Iya saura wata biyar, fuskata ba za ta canja ba.

A gurguje nake rubutu, Bube yana ɗaure kaya. Labarin birin da ya hau kafaɗar mutum-mutumi na karanta wa abokan karatuna, har malaminmu ya yi dariya, ya ce ɗalibin nan yana da ido. Ka yi daidai da ka ƙi yarda da layukanka da wuri. Haka ake yi.

Ka riƙe wannan: wanda suka fi kallo, shi ne kan garken. In ka same shi, ka gama da sauran. Ba sai ka yi faɗa da talatin ba.

Sunan da suka sa maka kuwa, ka riƙe shi da kyau, ni ina sonsa.

Gwaggonka,
Hawwa'u

Dudunni, 27 ga Agusta

Gwaggo,

Bayan gaisuwa. Kowa lafiya. Ni ma jikina lafiya, raina ne a ɓace, kuma har da ke a ciki.

Bube bai ƙaraso Dudunni ba. Ya haɗu da Lawal a kasuwar Kusada ya ba shi wasiƙarki ya kawo mini. A buɗe ta iso hannuna. Lawal ya karanta wa Baffa ita a zaure, layin nan biyu ya maimaita: wanda suka fi kallo shi ne kan garken, in ka same shi ka gama da sauran. Baffa ya ce, "Ashe Hawwa'u ta yi hankali. Ai maganata ke nan tun farko, a kashe babban."

Washegari Lawal ya laɓe a bayan tsamiya ya harbe Sarkin Suri. Ina rumfa, ina gani. Suka rataye shi a reshe a bakin gonata wai ya zama gargaɗi. Kwana huɗu birai ba su sauko ba. Baffa ya bi gari yana cewa bindigar Lawal ta yi a rana ɗaya abin da littafina ya kasa a wata guda, kuma ke da kanki kika ba da shawarar.

Gwaggo, me ya sa kika rubuta "ka gama da sauran"? Kin san gidan da wasiƙar za ta shiga.

Ga abin da ban faɗa miki ba. Sarkin Suri ba shi suke kallo ba. Cikin layi ɗari uku da goma sha biyu da na ja, arba'in da ɗaya ne nasa, yawanci in ya yi kukan gargaɗi. Tsaga tana da ɗari da saba'in. Kafin su tsallaka kan iyaka, ita suke duba. In ta zauna, su zauna. In ta sa hannu a ƙasa ta fara tono, kowa ya fara. Ba ta da girma, ba ta ihu, gashinta ma ya fara zubewa.

A rana ta biyar suka dawo, tana gaba. Kafin mako ya cika wani sabon namiji ya hau surin nan kamar an aiko shi. Gyaɗa ta fara ƙwaya, sun tone mini kunya shida.

Yanzu Lawal ya gane ba a kashe wanda ya dace ba. Ya zo rumfa ya ce, "Ba ni littafin nan in ga wanne ne."

Na ce, "Ba ka ce rajista ba ce?"

Ya ce, "Kai dai nuna mini, harsashi ɗaya ne."

Na zauna a kan littafin. Ya ce zai faɗa wa Baffa, na ce ya gaishe shi. Ban san me zan yi da Tsaga ba tukuna, amma na san ba zan miƙa ta ba. In kuma ke ma kisan kike nufi, ki faɗa mini a fili.

Abdulbaƙi

Ibadan, 29 ga Satumba

Ɗana,

Ina gaishe ka, ina gaishe da kowa. Yau wasiƙarka ta iso. Motar Bube ta lalace a Mokwa, ya koma gida neman kayan gyara, takardar tana cikin motar fiye da wata guda. Duk kwanakin nan ina zaton fushi ya hana ka rubutu, ashe fushin yana hanya.

Laifina ne. Ban nufi kisa ba, amma na rubuta layin da mai bindiga zai karanta ya ga kisa, kuma na san akwai mai bindiga a gidan. Ka yafe mini.

Layukanka sun fi wasiƙata gaskiya. Na je na duba abin da aka rubuta kan jan biri: mata su ne 'yan gida a garken, su suka san hanya da wurin ci, namijin zuwa yake ya yi zamaninsa wani ya maye shi. Kai ka gano wannan daga gindin kuka da fensir. Na yi ta zagaye ɗakina don murna har maƙwabciyata ta leƙo.

Kada ka ba da littafin. In aka kashe Tsaga, idanunsu za su koma kan wata da ba ka sani ba, ka koma farko. Abin da nake tunani shi ne a sa abin da take sa rai a gonarka ya daina zuwa, ita kaɗai, sau da yawa. Yadda za a yi, kai ka fi ni sani. Ina tsoron ma shawarar ta makara.

Na kira Yaya Ummaru na gaya masa kada ya ƙara sa sunana a maganar bindiga. Ya kashe wayar. Zan sake kira gobe, da jibi.

Wannan karon na liƙe ambulan da gam, na ce wa Bube hannunka ko ya dawo mini da ita.

Gwaggonka,
Hawwa'u

Dudunni, 3 ga Nuwamba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya ƙalau. Inna ta ce in gaya miki ta ajiye miki ƙuli. Na yafe, ni ma ki yafe mini kaushin harshe. Wasiƙarki ta zo hannuna a rufe, amma ta tarar na riga na yi abin da ta ce, don da na ji shiru sai na koma na karanta ta farko, wurin da aka kunna fitila aka hana lemo.

Ga yadda na yi. Tsaga kullum ta kusurwar tsamiya take shiga, kuma ita take fara ci. Na riƙa ɓare gyaɗa ina cusa dakakken barkono a kwanson, in mayar in binne a kunyoyin farko na wannan kusurwa. Na matso da rumfa kusa. Gwafata mai ɗanko kuwa Tsaga kaɗai nake harbi da ita, da ƙwallon yumɓu, a cinya ko a baya. Ƙanana suna tono a gabana, ina kallonsu ban taɓa su ba. Na yi asarar kunya goma sha ɗaya a haka. Baffa ya zo ya gani ya ce na haukace, ina kiwon birai da gyaɗar gandu. Na ce damina ɗaya ya ba ni, kuma ba ta ƙare ba.

Ranar farko da ta tauna barkonon, ta yi ta goge baki a ƙasa, na ƙirga birai goma sha huɗu sun daina tono suna kallonta. A rana ta goma sha uku ta zo bakin tsamiya ta zauna. Ta dubi gonar, ta dubi rumfa, ta daɗe. Sannan ta juya. Duk suka juya. Har na manta da jan layi. Ta sake gwadawa sau uku a makonnin da suka biyo, ina nan, barkono yana nan. Ban sani ba ko dofamin ɗinta ne ya yi ƙasa, kamar yadda kika ce ba wanda ya leƙa. Na dai ga bayanta.

Sai dai inda ta juya, masarar Lawal ce.

Na cire gyaɗa, buhu bakwai ban da harawa. Bara ko ɗaya ba a cika ba. Amma Baffa ya tara gida ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya ce asiri na yi na tura birai gonar ɗansa, don haka alkawari ya warware, sai in na nuna wadda za a harbe.

Gwaggo, hali ya riga ya kama ni. Ina zaune a tsakar gida Baffa yana faɗa, sai na ga ina ƙirga a zuci. Shi ke tsaye, shi ke magana, amma duk wanda zai gyaɗa kai sai ya fara satar kallon Kaka Iyatu, tana gefe a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Lawal ya dube ta sau biyar. Baffa da kansa, duk ƙarshen magana sai idonsa ya je can.

Da aka ce in yi magana, sai na ja sandata na je na zauna a gabanta. Na buɗe littafin na nuna mata layukan shafi shafi, na rufe sunayen da yatsa. Na ce, "Kaka, birinya ɗaya ce a dutsen nan ta yi karatu a wurina, wata biyu ina koya mata. In aka harbe ta, baɗi sabon aji zan ɗauka, Lawal ma haka. Ba zan nuna ta ba. In gonar ce, a karɓa."

Ta ci gaba da ɓara har na zaci ba ta ji ba. Sannan ta ce, "Mijin nawa, gyaɗar nan da nake ɓara ta ina ce?"

Na ce, "Ta gindin dutse ce."

Ta ce, "Ummaru, bara ka kawo mini ta gindin dutse?"

Baffa ya ce, "Iya, ai bara birai..."

Ta ce, "To." Ta miƙa wa Inna kwanon. Mutane suka fara neman takalmansu. Baffa ya tsaya shi kaɗai a tsakar gida, sannan ya ce a bar maganar sai wata shekara, ya fita. Na san bai haƙura ba. Ni ma ban haƙura ba, na riga na kai taki.

Shekaranjiya Lawal ya zo rumfa ba bindiga. Ya zauna ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Barkonon nan, wane iri ne?" Na ce barkono ba ya aiki sai ka san bakin da za ka sa wa. Na yago masa shafi biyu marasa rubutu na ba shi guntun fensir. Ya ce in dai faɗa masa wacce ce kawai. Na ce a'a. Wanda ya zauna wata guda yana kallonta, ban jin zai iya harbinta.

Ke ma haka, Gwaggo. Kin san biran ɗakin gwaji da na littafi, amma ba ki taɓa zama a gindin kukar nan ba. In kin dawo Kankia, ki hau acaɓa ki zo da hantsi, rumfar tana ɗaukar mutum biyu. Kin san kunnen Tsaga, don haka zan ba ki aiki mafi wuya: akwai wata da suke kallo in Tsaga ta yi nisa, na gano ta, ban rubuta sunanta ko'ina ba. Ki zo da fensirinki ki nemo ta da kanki.

Ɗanki,
Abdulbaƙi, Malamin Birai